Yadda za ka gane inda shari'ar babban jami'i ta dosa

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin tafinta a kotunan Legas. Idan aka kawo Bahaushe ko Bazabarme da ba ya jin Turanci, ni ake kira in tsaya gefen akwatin wanda ake tuhuma, in mayar masa da abin da aka faɗa. Yawancin waɗanda nake yi wa aiki masu gadi ne da 'yan acaɓa da yaran mota. Amma ɗakin da ake shari'ar mai gadi, nan ne ake shari'ar mai ba gwamna shawara, kuma sau da yawa nakan yini a kan benci ina jiran a kira ƙararmu, ina kallon ta manya. Shi ya sa duk ranar da rediyo ya ce an gurfanar da hadimin shugaban ƙasa ko na wani gwamna, in na iso teburin mai shayi a Zangon Agege bayan isha'i, tun ban zauna ba ake jefo mini tambaya: "Malam, wannan karon fa za a ɗaure shi?"

A daren farko ba na cewa e, ba na cewa a'a, domin babu mai iya sani a daren farko. Abin da nake iyawa shi ne in nuna wa mutum inda zai sa ido, kuma shi zan rubuta a nan.

Fara da tantance matakin da ake. Mutanenmu suna haɗa abubuwa huɗu su mai da su ɗaya: gayyata, kamu, shigar da tuhuma, da gurfanarwa. Mutum yana iya shiga ofishin EFCC, hukumar yaƙi da masu yi wa tattalin arziki ta'annati, da ke titin Awolowo a Ikoyi da safe, ya rubuta bayani, ya koma gida da yamma, maganar ta mutu a nan. Yana iya kwana a hannunsu, su nemo izinin kotu na riƙe shi kwana 14, daga baya su sake shi ba tare da sun kai shi gaban alƙali ba. Shari'a ba ta fara ba sai ranar da ya shiga akwati, magatakardan kotu ya karanta masa tuhuma ɗaya bayan ɗaya, aka tambaye shi ko ya fahimta, ya ce ya amsa ko bai amsa ba. Kuma har wannan ranar, sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 yana ɗaukarsa a matsayin wanda bai yi laifi ba. Ina son mu riƙe wannan da gaske, ko da mutumin ba ya burge mu, domin wannan sashen shi ne kaɗai garkuwar ɗan'uwanmu mai gadi ranar da aka yi sata a gidan da yake aiki.

Daga nan sai ka nemi takardar tuhuma. Adadin kuɗin da jarida ta buga da manyan baƙaƙe ba shi ne shari'a ba. Jaridu da yawa suna kawo lafazin tuhumar a cikin labari, can ƙasa inda mutane ba sa kaiwa. Ka kai. Kowace tuhuma tana faɗin abu uku: me aka ce ya yi, yaushe, kuma wane sashe na wace doka ya karya. Wannan na ukun shi ne zai gaya maka nauyin abin da ke kan mai gabatar da ƙara, da kuma iyakar hukuncin da alƙali zai iya yankewa.

Dubi Doyin Okupe, wanda ya yi wa Shugaba Jonathan babban mataimaki na musamman kan hulɗa da jama'a. Tuhuma 59 aka yi masa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, kan kuɗin da ya fito daga ofishin mai ba da shawara kan tsaro. A Disambar 2022 kotu ta same shi da laifi a 26 daga ciki, kuma laifin shi ne karɓar tsabar kuɗi fiye da ƙa'ida ba ta hanyar banki ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta ce mutum ɗaya kada ya karɓa ko ya bayar da tsabar da ta wuce naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Irin wannan tuhuma tana da sauƙin tabbatarwa, domin ba sai an nuna mutum ya ci kuɗin ba, ya isa a nuna ya karɓe su a hannu. ('Yan kasuwarmu na Mile 12 da Alaba Rago da ke ɗaukar kuɗi a buhu, wannan dokar ta shafe ku, ba manya kaɗai aka yi wa ita ba.) Saboda haka in ka ga jerin tuhuma, ka ware masu sauƙin tabbatarwa daga masu wuya. Haɗa baki da karkatar da dukiyar gwamnati suna bukatar shaidu masu yawa da takardu masu yawa. Karɓar tsaba, ƙin bayyana kadara, ko yi wa mai bincike ƙarya, nan ne galibi ƙafa ke zamewa.

Ko a Amurka haka abin yake. A Oktobar 2005 aka tuhumi Lewis Libby, shugaban ma'aikatan ofishin mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, a binciken fallasa sunan wata jami'ar leƙen asiri, Valerie Plame. Ba a tuhume shi da fallasar ba. An tuhume shi da yin ƙarya bayan rantsuwa da kawo cikas ga bincike, kuma a Maris 2007 aka same shi da laifi a huɗu daga cikin tuhuma biyar. Wanda ya karanta takardar tuhumar tun farko ya san cewa shari'ar za ta tsaya ne a kan abin da ya faɗa wa masu bincike, a gwada da abin da sauran shaidu suka faɗa.

Ka kuma lura da kotun da aka kai shi. A nan Legas, tuhumar halatta kuɗin haram Babbar Kotun Tarayya ta Ikoyi take zuwa. Sata, zamba da cin amanar ofis a ƙarƙashin dokar jiha sukan tafi Babbar Kotun Jiha, musamman sashen laifuka na musamman da ke Ikeja. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lauyan da ke kare babban mutum, abin da yake fara dubawa shi ne ko kotun tana da hurumi, domin in ba ta da shi, duk abin da aka yi a gabanta ya rushe ko bayan shekara nawa ne.

Akwai abin da ya bambanta hadimi da maigidansa. Sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya ba mutum huɗu kacal rigar kariya muddin suna kan kujera: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna, da mataimakin gwamna. Minista ba shi da ita, sakataren gwamnati ba shi da ita, balle mai ba da shawara. Kuma a aikace hadimi ne ke sa hannu a takardar fitar da kuɗi, shi ke zuwa banki, sunansa ko na kamfanin ƙaninsa ne ke kan asusun. Maigida yakan ba da umarni da baki. Na sha jin mutum a akwati yana cewa aike shi aka yi, kuma mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, amma umarnin da kowa ya san ya saɓa doka ba ya wanke wanda ya aiwatar. Don haka ka tambaya: a cikin shaidun da aka jera, akwai na cikin gida? Idan akanta ko direba ko ɗan canji da aka kama tare da shi ya koma shaidar gwamnati, shari'ar ta yi nauyi. Idan kuwa shaidun duk jami'an bincike ne da ma'aikatan banki da za su kawo takardun asusu kawai, ba wanda zai ce ga abin da na gani da idona, to akwai rami a gaba.

Sai beli, inda aka fi samun rashin fahimta. Ranar da aka ba babban mutum beli za ka ji ana cewa shi ke nan an saye shari'a. Beli ba sallama ba ce. A laifin da ba na kisa ba, doka ta fi karkata ga bayar da shi. Abin dubawa shi ne sharuɗɗan: nawa aka ɗaure, mutum nawa za su tsaya masa, ko an ce su mallaki fili a yankin kotun, ko an karɓe fasfo. Bayar da beli kuma daban, fita daban. Kanar Sambo Dasuki, mai ba Jonathan shawara kan tsaro, an kama shi a Disambar 2015 kan kuɗin makamai dala biliyan 2.1. Kotuna daban-daban sun ba shi beli, kotun ECOWAS ta ce a Oktobar 2016 tsare shi ya saɓa doka, amma bai fito ba sai 24 ga Disamba 2019. Duk ra'ayin da mutum yake da shi kan Dasuki, hukuma ta ƙi bin umarnin kotu abu ne da ya kamata ya tayar wa kowa hankali.

A nan zan ɗan tsaya, domin ta ƙofar beli ne shari'ar manya take shigowa gidajenmu. Wata rana bayan la'asar wani Alhaji mai sayar da albasa a Mile 12 ya zo har gida. Yana riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa, ya matse ta a ƙirji kamar za ta tashi. A ciki akwai takardar mallakar gidansa ɗaya tilo da ya gina a Legas, da takardun biyan haraji na shekara uku, da hotuna biyu 'yan ƙanana. Wani ɗan garinsu da ke yi wa wani mai muƙami hidima ya shiga hannu, an ce ana bukatar mai gida a Legas ya tsaya masa, dattawan gari sun bugo waya.

Ya ce, "Malam, sun ce sa hannu ne kawai."

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, in yaron nan ya tsallaka iyaka gobe, ka san inda za ka same shi?"

Ya yi shiru yana juya ambulan. Ya ce rabonsa da ganinsa tun yana makarantar sakandare.

Na ba shi labarin da kowa ya gani a 2020. Sanata Ali Ndume ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, a kan naira miliyan 500. Maina ya daina zuwa kotu. A Nuwamba alƙali ya tura sanata mai ci gidan yarin Kuje, ya yi kwanaki a can, kafin a kamo Maina a Nijar a dawo da shi a Disamba. Na ce masa, wanda ya tsaya wa mutum ya yi wa kotu alkawari ne cewa zai kawo shi duk ranar zama, in ya kasa kuma kuɗin da aka rubuta sun hau kansa, ana iya sayar da abin da ya jingina. Ban hana shi ba, zumunci ba abin wasa ba ne. Amma na ce kafin ya sa hannu ya yi abu uku: ya ga mutumin ido da ido ya san inda iyalinsa suke zaune, ya sa a karanta masa takardar a fassara masa adadin da ke ciki, kuma ya san cewa yana da damar komawa kotu ya nemi janye tsayawarsa in ya ga take-taken gudu, tun mutumin bai ɓace ba. Duk wanda aka kawo wa irin wannan roƙon, ya yi waɗannan ukun.

Da an fara sauraron shaidu, sai ka yi haƙuri, domin nan ne jaridu suke gajiya su tafi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta zo da gyara mai kyau a rubuce: sashe na 396 ya ce a riƙa zama kullum, in ba zai yiwu ba kowane ɓangare kada ya wuce neman ɗagewa sau biyar, sashe na 306 kuma ya hana dakatar da shari'a don wani ya ɗaukaka ƙara a kan ƙaramin hukunci. A zahiri alƙali ɗaya yana da ƙararraki da yawa a rana guda, ga hutun kotu, ga rashin lafiyar wanda ake tuhuma, ga shaidar da aka yi wa canjin wurin aiki. Idan lauya ya ce bayanin da aka karɓa a ofishin bincike tilasta wa mutuminsa aka yi, sai a ajiye babbar shari'a a buɗe ƙarama a cikinta don a gano haka, kuma wannan kaɗai yana iya cin watanni.

Ranar da ta fi kowace muhimmanci a wurina ita ce ranar da mai gabatar da ƙara ya ce ya gama kawo shaidunsa. Kusan kowane lauya mai karewa zai miƙe ya roƙi kotu ta ce babu abin da mutuminsa zai amsa. A nan alƙali zai auna ko an kawo abin da ya kai a bukaci bayani. Babachir Lawal, tsohon sakataren gwamnatin tarayya, a nan tasa ta ƙare. An dakatar da shi a Afrilun 2017, aka sauke shi a Oktoba, aka gurfanar da shi a 2019 kan kwangilar cire ciyawa ta naira miliyan 544, amma a Nuwambar 2022 kotu ta sallame shi da sauran, ta ce ba a kawo hujjar da ta haɗa su da laifin ba. Idan kuwa alƙali ya ce wanda ake tuhuma ya shiga ya kare kansa, ba hukunci ba ne, amma alama ce cewa shaidun sun tsaya da ƙafarsu.

Ka riƙa bibiyar alƙalin ma. In ya rasu, ko ya yi ritaya, ko aka ɗaga shi zuwa kotun sama, shari'a takan koma farko, a sake karanta tuhuma, a sake kiran shaidu. Ta Babachir ta koma farko a 2020 bayan rasuwar alƙalin da ya fara ji. Ta Orji Uzor Kalu, tsohon gwamnan Abiya, kuwa, wadda aka fara tun 2007, a Babbar Kotun Tarayya ta nan Legas aka yanke masa shekara 12 a Disambar 2019, sai Kotun Ƙoli ta soke shari'ar a Mayun 2020 saboda alƙalin ya riga ya zama na Kotun Ɗaukaka Ƙara lokacin da ya dawo ya ƙarasa ta. Ba a ce bai yi ba, ba a ce ya yi ba, an ce wanda ya yanke ba shi da ikon yankewa. Tsofaffi sun ce shari'a saɓanin hankali, kuma wannan yana cikin wuraren da nake jin zafin maganar, domin shekara goma sha biyu na aikin mutane suka tafi.

Akwai ƙofofin fita da ba sai an kai hukunci ba. Sashe na 270 na dokar 2015 ya yarda a sasanta: mutum ya amsa wasu laifuka, ya mayar da dukiya, a sassauta masa. Tun kafin dokar ma an yi, Tafa Balogun, tsohon sufeto janar na 'yan sanda, ya amsa laifi a 2005 aka ba shi wata shida. Alamar sasantawa ita ce ka ji an gyara takardar tuhuma, tuhuma talatin ta koma uku. Antoni janar na tarayya kuma yana da iko a sashe na 174 na kundin tsarin mulki ya karɓi shari'a ko ya janye ta kafin hukunci. Sannan ana iya ƙwace gida ko asusu ta wata ƙara daban, ba tare da an ɗaure kowa ba. In ka ji an sallami mutum, ka tambaya sallama ce kawai ko har da wankewa. Wanda aka wanke ba a sake tuhumarsa da wannan laifin, wanda aka sallama kawai ana iya dawo da shi.

In an kai ga hukunci, ka karanta shi da lissafi. Okupe shekara biyu-biyu aka ba shi a tuhuma 26. Mai haɗawa zai ce shekara 52, alhali tare suke tafiya, shekara biyu ce. Kuma an ba shi zaɓin tara, naira dubu 500 a kowace tuhuma, ya biya miliyan 13 ya tafi gida. Maina kuwa shekara takwas ya samu a Nuwambar 2021, babu zaɓin tara. Tambayoyin su ne: tare suke tafiya ko a jere, akwai zaɓin tara, daga wace rana za a fara ƙirga, kuma me aka ce ya mayar. Bayan haka ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, ga Kotun Ƙoli, ga kuma afuwar shugaban ƙasa a sashe na 175 na kundin tsarin mulki. Joshua Dariye da Jolly Nyame, tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, an ɗaure su a 2018, aka yi musu afuwa a Afrilun 2022. Libby ma an yanke masa wata 30 da tarar dala dubu 250, Shugaba Bush ya ɗauke masa zaman gidan yari a Yulin 2007 tun bai shiga ba, Trump ya yafe masa gaba ɗaya a 2018. Saboda haka idan ana maganar makomar hadimi, dole ka sa a lissafi ko maigidansa yana da sauran ƙarfi, da kuma wa zai hau mulki kafin shari'ar ta ƙare.

Ba na rubuta wannan don a yanke ƙauna. Abin da ke damuna shi ne mun bar waɗannan shari'u a hannun jita-jita, muna murna ranar kamu, muna zagi ranar sallama, tsakanin biyun kuma babu wanda ya leƙa. Na taɓa yi wa wani yaro mai gadi tafinta, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da aka kawo daga gidan yari bayan wata goma sha ɗaya, beli na naira dubu ɗari kacal amma babu mai tsaya masa. Yana tsaye da silifas ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya shuɗi, ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, "Baba, yau ma ɗagawa za a yi?" A wannan safiyar, a wannan ɗakin, lauyoyi bakwai ne suka tsaya wa mutum ɗaya. Mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, irin yaron nan, kuma dokar da ake ja da ita a shari'ar manya ita ce dai tasu.

Kotu a buɗe take ga kowa, ba a biyan ko kwabo. In kana Agege, Ikeja ba ta da nisa, Babbar Kotun tana titin Oba Akinjobi. In Ikoyi za ka, ka fito da asuba ka bi motar Obalende kafin gada ta cushe. Ka sa tufafi masu mutunci, ka kashe ƙarar waya, ka isa kafin tara. A bakin kowane ɗaki akwai jerin ƙararrakin ranar a liƙe, ka duba sunan da kake nema da lambar ƙarar. Ka zo da ɗan littafi ka rubuta lambar, sunan alƙali, shaida na nawa ake ciki, wane ɓangare ne ya nemi ɗagewa da dalilinsa, da ranar da za a dawo. Wanda ba zai iya zuwa ba ya yi hakan daga labaran rediyo da jarida. Bayan zama huɗu ko biyar, ka buɗe littafin ka ƙirga shaidun da suka riga suka yi magana, ka ƙirga ɗagewar da kowane ɓangare ya nema, sannan ka koma kan takardar tuhuma ka yi alama a gefen kowace tuhumar da wani shaida ya taɓa.